Wa ya sauya sunan kaka? Fashin baƙi kan neman asalin 'yan Suwidin da suka yi ƙaura zuwa Amurka

Tun da gwajin ƙwayoyin halitta ya yi araha, kuma tsofaffin kundayen gwamnatoci da na coci-coci suka hau intanet, Amurkawa da dama sun duƙufa wajen neman salsalarsu, kuma cikinsu har da mutum fiye da miliyan 3 da ke cewa tsatsonsu daga ƙasar Suwidin yake. Akwai wata magana da ke yawan fitowa daga bakin irin waɗannan masu bincike, wato wai kakansu ya sauka a tsibirin Ellis da ke New York da sunansa na gida, sai wani jami'in shige da fice da ya kasa furta sunan ya rubuta masa na Ingilishi, shi ke nan Johansson ya koma Johnson, Nilsson ya koma Nelson, asali kuma ya ɓace. Tambayar da ke gabanmu ita ce: shin haka abin ya faru? Idan kuma ba haka ba ne, wa ya sauya sunayen, me ya sa aka sauya su, kuma ta yaya jika ko tattaɓa-kunne zai bi sawun mutumin da ya rayu da suna ɗaya a ƙauyensu, ya mutu da wani sunan a wata nahiya?

Su wane ne suka tafi, kuma ta wace hanya

Daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa wajen 1930, kimanin mutum miliyan 1.3 ne suka bar Suwidin zuwa Amurka, daga ƙasar da yawan jama'arta bai wuce miliyan 3.5 ba a 1850, kuma bai fi miliyan 5 da kaɗan ba a 1900. Ƙarancin gonaki ga 'ya'yan talakawa shi ne babban dalili, sai kuma shekarun yunwa na 1867 zuwa 1869, lokacin da sanyi da fari suka lalata amfanin gona a jere. Wasu sun tafi ne saboda takurawar cocin gwamnati, kamar mabiyan Erik Jansson da suka kafa garin Bishop Hill a jihar Illinois a 1846. Tururuwar ta kai ƙololuwa a shekarun 1880, kuma zuwa 1900 'yan Suwidin da 'ya'yansu da ke Chicago sun fi mutanen Göteborg yawa, alhali Göteborg ne birni na biyu mafi girma a ƙasar tasu.

Hanyar da mafi yawansu suka bi tana da muhimmanci ga mai bincike, domin a kowane zango an rubuta sunan matafiyi. Daga Göteborg ake shiga ƙaramin jirgin ruwa zuwa Hull a Ingila, daga nan a hau jirgin ƙasa zuwa Liverpool, sannan a shiga babban jirgin da zai tsallaka teku zuwa New York, Boston ko Quebec a Kanada. Sai a 1915 aka sami kamfanin jiragen ruwa na Suwidin da ke kai fasinja kai tsaye daga Göteborg zuwa New York.

Sunan da suka baro gida da shi

Kuskure na farko da masu bincike ke yi shi ne ɗaukar cewa kakan nasu yana da sunan iyali na dindindin kafin ya bar gida. Manoman Suwidin, waɗanda su ne mafi rinjaye a cikin masu ƙaura, suna amfani ne da sunan uba. Idan Nils ya haifi ɗa mai suna Johan, ɗan zai zama Johan Nilsson, 'yar kuma Anna Nilsdotter, wato ɗan Nils da 'yar Nils. Idan Johan ya haifi nasa ɗan, shi kuma zai zama Johansson, sunan Nils kuwa ya fita daga layi. Mace ba ta ɗaukar sunan miji, da sunan ubanta take rayuwa har ta mutu. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin haka muke yi: Musa ɗan Audu shi ne Musa Audu, ɗansa kuma Sani Musa, kuma a cikin zuriya uku sunan kakan farko ya ɓace daga takarda sai dai a bakin dattawa. Wannan al'ada ta fara ja da baya ne a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, daidai lokacin da ƙaurar ke kan ganiyarta, kuma sai a 1901 aka kafa dokar da ta tsara yadda ake ɗaukar sunan iyali mai ɗorewa, yayin da dokar aure ta 1920 ta sa mata suka koma amsa sunan mazajensu. Saboda haka, 'yan uwa biyu uwa ɗaya uba ɗaya suna iya sauka Amurka da sunaye daban-daban, ɗaya ya riƙe sunan da aka gina kan sunan ubansa, ɗaya kuma ya ɗauki wanda uban nasa ke amsawa, wato na kaka.

Bayan sunan uba akwai sunan soja. Tun daga shekarun 1680, zamanin Sarki Karl na 11, har zuwa 1901, gonaki kaɗan-kaɗan ne ke haɗuwa su ɗauki nauyin soja ɗaya, su ba shi ɗan gida da 'yar gona. Da yake runduna ɗaya tana iya cika da masu amsa Andersson, sai kwamanda ya laƙaba wa kowane soja gajeren suna, irin su Rask, mai zafin nama, ko Modig, jarumi, ko Svärd, takobi, ko Stål, ƙarfe. Abin da ke rikita mai bincike shi ne, sau da yawa sunan yana bin gurbin ne, wanda ya gaji gidan sojan yakan gaji sunan alhali babu dangantakar jini a tsakaninsu, 'ya'yan sojan kuma wasu su riƙe sunan, wasu su koma ga sunan uba. Masu sana'ar hannu da mazauna birane kuwa sukan harhaɗa suna daga kalmomin daji da ruwa da duwatsu, kamar Lindberg, Lundgren da Sjöstrand, kuma mutum yana iya zaɓar irin wannan suna da kansa ranar da ya gama koyon sana'a. A yankin Dalarna har sunan gidan gona ake sawa a gaban sunan yanka.

Labarin tsibirin Ellis

An buɗe tashar tsibirin Ellis a 1892, ke nan babban kaso na 'yan Suwidin, har da duk tururuwar shekarun 1880, ba su taɓa taka ta ba. Mafi yawan waɗanda suka shigo ta New York kafin lokacin sun bi ne ta tashar Castle Garden, wadda ta yi aiki daga 1855 zuwa 1890. Ga waɗanda suka bi ta tsibirin kuwa, tsarin aikin bai bar wa jami'i wurin ƙirƙirar suna ba. Kamfanin jirgin ne ke rubuta jerin sunayen fasinjoji tun a tashar da aka taso, bisa abin da ke kan tikiti, jami'in da ke tsibirin kuma aikinsa shi ne ya duba jerin, ya yi wa fasinja tambayoyi, tare da tafinta idan da buƙata, ya tabbatar amsoshin sun dace da abin da ke rubuce. Ba a ba baƙo wata takardar shaida mai ɗauke da sabon suna da zai ci gaba da amfani da ita a cikin ƙasa. Kuskuren rubutu yana faruwa, musamman a hannun akawun kamfani a Liverpool wanda bai san harshen ba, amma kuskuren da ke kan jerin fasinjoji a can yake tsayawa, ba ya bin mutum zuwa inda ya zauna, kamar jihar Minnesota.

Labarin ya daɗe a bakin iyalai, a ganina, domin ya fi sauƙin faɗa wa jikoki. Ya fi daɗi a ce wani baƙon jami'i ne ya ƙwace sunan, da a ce kaka da kansa ya ajiye shi domin ya sami aiki ko domin ya gaji da gyara wa mutane furuci. Illarsa ga mai bincike ita ce yana sa shi neman sauyin a wuri guda da rana guda, alhali a mafi yawan lokuta sauyin ya faru ne sannu a hankali, cikin shekaru, a wurin aiki, a makarantar yara, a bakin mai ƙidayar jama'a da kuma a kotun da ke ba da takardar zama ɗan ƙasa. A al'adar shari'ar Amurka mutum yana da damar amsa sunan da ya ga dama muddin ba da niyyar zamba ba, don haka yawancin sauye-sauyen ba su bar wata takardar kotu ba.

Yadda sunayen suka rikiɗe

Sauyi mafi sauƙi shi ne zubar da harafi ɗaya: Andersson ya koma Anderson, Larsson ya koma Larson, Karlsson ya koma Carlson. Daga nan sai jingina sunan ga wanda ya fi kama da shi a Ingilishi, inda Svensson ya zama Swanson, Bengtsson ya zama Benson, Persson da Pettersson suka zama Peterson ko Pearson. Matsala mafi girma tana wajen Johnson, domin Johansson, Jonsson, Jönsson, Jansson da Johannesson duk sun narke a cikinsa, kuma wanda ke riƙe da Johnson a yau ba shi da hanyar sanin daga wanne ya fito idan sunan kawai zai duba. Mata kuwa sun zubar da ɗafin nan na "dotter" kusan gaba ɗaya, Andersdotter ta koma Anderson tun kafin ta yi aure, bayan aure kuma ta koma sunan miji.

Harshen Suwidin yana da haruffa uku da babu su a Ingilishi, å da ä da ö, kuma cikakkun haruffa ne masu zaman kansu da ke zuwa a ƙarshen jerin baƙaƙe. Cire musu ɗigo daidai yake da rubuta ƙasa a matsayin kasa, ko ɗaki a matsayin daki, abin da duk wanda aka taɓa rubuta wa Danladi ko Dahiru maimakon Ɗanladi ko Ɗahiru a takardar hukuma ya san shi. Åberg, wanda farkonsa ke nufin rafi, ana furta shi da sautin "o", don haka ya koma Oberg; Öberg, wanda farkonsa ke nufin tsibiri, shi ma ya koma Oberg; iyalai biyu da ba su haɗa komai ba suka wayi gari da suna ɗaya. Wasu sun bi sauti: a Ljung ba a furta harafin farko, don haka ya zama Young, Ljungberg ya zama Youngberg, Kjellström ya zama Chilstrom. Wasu sun fassara rabi suka bar rabi, Sjöberg ya koma Seaberg, Nyström ya koma Newstrom, Östlund ya koma Eastlund. Sunan yanka ma bai tsira ba: Johan ya zama John, Anders ya zama Andrew, Karl ya zama Charles, Per ya zama Peter, Sven ya zama Swan, Lars kuma yakan zama Louis ko Lewis. Mun san irin wannan a gida, inda Usman na Katsina ɗan uwansa ke amsa Ousmane a takardun Maraɗi, saboda wani ya faɗa hannun rubutun Ingilishi, wani na Faransanci.

Akwai kuma waɗanda suka yar da sunan gaba ɗaya suka ɗauki wani, sunan ƙauyensu, ko tsohon sunan soja na kakansu, ko wani da suka ƙirƙira. Matuƙin jirgin saman nan Charles Lindbergh, wanda ya tsallaka teku shi kaɗai daga New York zuwa Paris a 1927, kakansa Ola Månsson ne, ɗan majalisar dokokin Suwidin mai wakiltar manoma daga yankin Skåne, wanda ya bar ƙasar a 1859 bayan an zarge shi da almundahanar kuɗi, ya zauna a Melrose ta jihar Minnesota da sunan August Lindbergh. Jaririn da ya tafi da shi, wato mahaifin matuƙin jirgin, shi ne ya girma ya zama ɗan majalisar wakilan Amurka. Mawaƙin ƙungiyar ƙwadago Joe Hill, wanda aka zartar wa hukuncin kisa a jihar Utah a 1915, an haife shi ne a Gävle a 1879 da sunan Joel Hägglund, ya zo Amurka a 1902, ya amsa Joseph Hillström kafin ya gajarta shi. Babu wata ƙa'idar sauti ko fassara da za ta kai mai bincike daga Lindbergh zuwa Månsson, ko daga Hill zuwa Hägglund.

Tilas ce ko zaɓi

A nan ra'ayi ya rabu. Wasu jikokin suna kallon sauyin a matsayin asara da aka ɗora wa iyayensu, kuma suna da hujja, domin matsin lamba ya kasance, musamman lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da aka riƙa zargin duk mai magana da baƙon harshe da rashin kishin ƙasa. A 1918 gwamnan jihar Iowa, William Harding, ya haramta amfani da kowane harshe banda Ingilishi a makarantu, coci-coci, tarurruka har da wayar tarho. Wasu kuma suna nuna cewa mutumin da ya taso a al'adar da sunan ƙarshe ke sauyawa a kowace zuriya, wadda soja da mai sana'a ke ɗaukar sabon suna ba tare da wani ya ɗaga ido ba, bai ɗauki sauya suna a matsayin yanke asali ba. Na fi karkata ga wannan bayani na biyu ga waɗanda suka zo kafin 1900, domin a unguwar da Johnson ya yi yawa har wasiƙu da albashi ke ɓata hanya, ɗaukar suna na daban dabara ce ta rayuwa. Amma ban yarda a shafe zafin na farkon ba, domin 'ya'yan da aka haifa a Amurka, waɗanda aka yi wa dariya a makaranta saboda sunan gidansu, ba su yi zaɓin cikin walwala ba.

Kundin limamin coci

Abin da ya sa neman asali a Suwidin ya fi na ƙasashe da yawa yiwuwa shi ne dokar coci ta 1686, wadda ta ɗora wa limamin kowace gundumar coci rubuta haihuwa, aure da mutuwa, da kuma riƙe kundin jarraba iyalai da ake kira husförhörslängd. Kowace shekara limamin yakan tara mutanen gidaje ya gwada karatunsu da sanin addininsu, ya rubuta sakamakon. Shafin kundin yana tafiya ne gida-gida: maigida a sama, matarsa da sunan ubanta a ƙasansa, sai 'ya'ya bi da bi, sai barori, kuma a gaban kowane suna akwai ranar haihuwa, gundumar da aka haife shi, alamar ko an yi masa lambar agana, makin karatunsa, inda ya fito da inda ya koma. Idan saurayi ya tafi, limamin yakan ja layi a kan sunansa, ya rubuta "N. Amerika" da kwanan wata a gefe. Wanda ya ga wannan layin a kan sunan kakansa, sannan ya ga irinsa a kan ƙanensa bayan shekara biyu, da ƙanwarsu bayan wasu uku, ya ga yadda gida ke ƙarewa da mutum ɗaya-ɗaya. A 1895 aka sauya wa kundin fasali, amma cocin ya ci gaba da riƙe rajistar jama'a har 1991, lokacin da aikin ya koma hannun hukumar haraji. Tun 2018 ma'adanar tarihi ta ƙasa, Riksarkivet, ta buɗe hotunan waɗannan kundaye kyauta a intanet.

Sai dai an tsara su ne gunduma-gunduma, kuma gundumomin sun kai kimanin 2,500. Wanda bai san gundumar kakansa ba, ya zo da sunan Johan Andersson kawai, yana neman allura ne a cikin ruwa. Cikakkiyar ranar haihuwa da sunan gunduma su ne mabuɗin, domin mutum yakan sauya suna amma da wuya ya sauya rana da watan haihuwarsa, ko da shekarar ta ɗan goce a takardun Amurka.

Daga ina ake farawa

Aikin yana farawa ne daga Amurka, a koma baya. Ƙidayar jama'a ta 1900 ta rubuta wata da shekarar haihuwa da shekarar shigowa ƙasa, ko da yake ta 1890, wadda da ta fi kowacce amfani ga 'yan shekarun 1880, gobara ta cinye mafi yawanta a 1921. Takardun zama ɗan ƙasa da aka cike daga Satumbar 1906 suna ɗauke da garin haihuwa da sunan jirgi, kuma dokar ta ba kotu damar tabbatar da sauyin suna a lokacin, don haka a kan sami tsohon suna da sabo a takarda ɗaya. Na kafin 1906 kuwa sau da yawa ba su faɗi komai ba face cewa mutumin ya fita daga biyayya ga sarkin Suwidin da Norwe. Mafi daraja su ne kundayen coci-cocin da baƙin suka kafa, musamman na haɗaɗɗiyar majalisar coci-coci ta Augustana da aka kafa a 1860, domin limamansu sun zo da al'adar gida, suna rubuta gundumar haihuwa da cikakkiyar rana, suna kuma karɓar takardar sallama da limamin ƙauye ya ba matafiyi. An ɗauki hotunan yawancinsu, kuma ana samunsu a cibiyar Swenson da ke kwalejin Augustana a Rock Island ta jihar Illinois. Sanarwar mutuwa a jaridun harshen Suwidin, irin su Hemlandet da aka fara bugawa a 1855, ita ma takan ambaci ƙauyen mamaci.

Daga ɓangaren Suwidin, 'yan sandan Göteborg sun fara rubuta masu fita tun 1869, da suna da shekaru da mazauni da inda aka nufa, Malmö kuma ta bi sahu a 1874. Ma'adanar bayanai ta Emibas ta tattara sunayen masu ƙaura fiye da miliyan 1 daga kundayen coci, kuma ana iya bincika ta da ranar haihuwa kaɗai, abin da ke ceton wanda sunan kakansa ya rikiɗe. Cibiyar nazarin ƙaura da aka kafa a Växjö a 1965, a tsakiyar yankin Småland da ya yi asarar mutane da yawa, ta tara wasiƙu da hotuna masu yawa na waɗanda suka tafi.

Inda sawu ke ɓacewa

Mata ne suka fi wahalar samu. Kafin 1922 matar aure tana zama 'yar ƙasa ne ta hanyar mijinta, don haka ba ta da takarda tata, kuma budurwar da ta zo aikatau Chicago tana iya amsa suna uku cikin shekara goma. Samarin da suka gudu daga aikin soja kuwa sukan fita ta Danmak ko Norwe ba tare da takardar sallama ba, sai dai a same su a jerin da limamin ke ware wa waɗanda ba a san inda suke ba. Kimanin kashi ɗaya cikin biyar na masu ƙaurar sun koma gida, wasu da sunan Amurka a bakinsu. Haɗarin da ya fi yawa a yau shi ne na gaggawa: mutum ya ga suna da shekara sun yi kama a bishiyar zuriya da wani ya ɗora a intanet, ya kwafa, wasu goma su kwafa daga gare shi, har iyali guda su kashe kuɗin jirgi su je ziyarar ƙauyen da ba nasu ba. Gwajin ƙwayoyin halitta yana nuna cewa akwai dangantaka tsakanin mutum biyu, amma ba ya faɗin ta wane kaka aka haɗu, sai an koma ga takarda.

Akwai wata takarda da masu bincike da yawa ke tsallakewa, wato lissafin dukiyar mamaci, wanda dokar ƙasa ta 1734 ta wajabta. Idan uba ko uwa suka rasu a ƙauye, dole a rubuta dukkan magada kafin a lissafa shanu da tukwane da bashi, har da 'ya'yan da ke ƙetare, kuma da yake sai an aika musu da rabonsu ko an karɓi wakilcinsu, marubucin yakan sa sunan da suke amsawa a can da garin da suke zaune, 'ya mace kuma a ambaci mijinta. A irin wannan shafi ne ake ganin ɗan da aka yi wa baftisma da sunan Johan, ɗan Nils, an rubuta shi da sunansa na Amurka da adireshinsa na Minnesota, a layi ɗaya da ƙannensa da ba su taɓa barin gundumar ba.